Abin da Ya Sami 'Yar Mai Faci

Duk direban da ke bin titin tashar manyan motoci ya san rumfar Baban Nas. Tana nan gaba kaɗan da gidan mai: 'yan kwanukan rufi a kan turaku, dogon benci, injin bugun iska wanda sai an lallashe shi yake tashi, da rabin duro cike da baƙin ruwa inda yake tsoma tub yana jiran kumfa ta nuna masa hujin. Ni direban tasi ne, tun ina sabon hannu nake kai masa taya, kuma tun a lokacin ba ya raga mini. Sai ya juya tayar, ya shafa ta da babban yatsa, ya ce wannan ai ba taya ba ce, faci ne mai ɗan ragowar taya a jiki. Ya gama tsiyarsa, sannan ya gyara ta tsaf.

Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, ba ya gaggawa a komai. Ko fasinja na zage-zage a cikin mota, sai gam ya sha iska yadda yake so kafin ya manna. Sunan kuwa daga 'yarsa ta fari ya samo shi. Da liba, ƙarfen ɓalle taya, da guduma ya yi mata karatu har ta zama nas, kuma tun ranar da ta fara zuwa rumfar cikin fararen kaya babu wanda ya sake kiransa da wani suna. In ta zo, ba ya barinta ta zauna sai ya shimfiɗa kwali a kan bencin. Ita kuma ta ciro abin awon jini ta ɗaure masa a dantse a gaban kowa, ta yi masa faɗan gishiri, yana cewa ku ga ikon Allah, na haifi mai mulkina. Mu direbobi ma mun sha awo kyauta a wurin. Ta yi aure da wani mai aiki a kantin kayan gini, mutum mai sanyin hali, suka sami 'ya mace, wadda kakan ya laƙaba wa Jikalle.

Yarinyar ba ta daɗe da fara tafiya ba ma'aikatan masaƙa suka shiga yajin aiki. Gwamnatin wancan lokaci ba ta jin kira. Wata ranar aiki da rana tsaka jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan mutanen da suka taru a ƙofar masaƙar. Waɗanda aka harba aka kwashe su a amalanke da bayan babur zuwa ƙaramin asibitin da ke bayan masaƙar, kuma Nas ce ke bakin aiki. Ta aiko gida cewa kada a jira ta, aiki ya yi yawa. Washegari da hantsi wata rufaffiyar mota marar lamba ta tsaya a ƙofar asibitin, aka kwashe masu raunin, aka haɗa da ita. Wata mai sayar da ruwa a bakin ƙofa ta gani, ta faɗa wa uban da bakinta, amma da ya koma a karo na biyu sai ta rantse ba ta ma fito kasuwa ba a ranar. Rediyo kuwa cewa ya yi an ɗan yi hatsaniya, babu wanda ya mutu, babu wanda aka kama.

Baban Nas ya rufe rumfa ya shiga bin ofisoshi. Kullum da safe sai ya wanke hannu da fetur, ya bi da sabulu, ya sa rigarsa ta fita kunya, ya je ya zauna a benci har a tashi. Wannan ya tura shi wurin wancan, wancan ya ce mai sa hannu ya yi tafiya. Daga ƙarshe wani babban jami'i ya kira shi ciki, ya ba shi kujera, har da ruwan sanyi. Cikin murya mai kama da tausayi ya gaya masa bincike ya nuna 'yarsa ta kwashe magungunan asibiti ta tsallake iyaka da wani direban babbar mota da suka daɗe suna hulɗa. Ya ce shi uba ne, ya san zafin abin, shawarar da zai ba shi ita ce ya koma gida ya rufa wa kansa asiri.

Kafin ya iso gida maganar ta riga shi. Ban san wa ya baza ta ba, amma a tasha, a kasuwa, a bakin famfo, kowa da irin gishirin da yake ƙara mata. Wani ya ce ya san direban, wani ya ce dama ya lura da yawan kwalliyarta. Surukin ya daure na wani lokaci, danginsa suna hura masa wuta, har wata rana ya zo da yarinyar da kayanta a jaka. Ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya ce a riƙe ta kafin ya ga abin da hali zai yi. Daga baya ya yi wani auren ya bar unguwar. Matar Baban Nas, wadda duk muke kira Inna, mace ce mai baki da barkwanci, a da in tana wuri ba a jin muryar kowa. Ta daina shiga mutane, ta rame, abinci sai an yi da gaske take taɓawa.

Shi kuma ya koma rumfa, don baki ba ya jira. Amma ya sami sabuwar ɗabi'a. Duk babbar motar da ta tsaya faci, in ya gama sai ya goge hannu a tsumma ya ciro hoton 'yarsa daga aljihu ya nuna wa direban. Yawancinsu su girgiza kai. Wasu, don son a ce sun san duniya, su ce kamar sun ga mai kama da ita a wani gari tana sayar da magani. Irin wannan ranar ba ya iya aiki, sai ka ga ya manna faci a inda babu huji.

Jikalle ta tashi a hannunsu. Kakan na tsokanarta da amaryarsa, ita kuma tana cewa ba ta auren mai baƙin farce. Amma a makaranta yara ba su da linzami, kuma abin da suka ji a gida shi suke faɗa. Ta sha dawowa da kuka an ce mata uwarta ɓarauniya ce ta gudu ta bar ta. Kakan ya ce mata uwarki ba ta gudu ba. Ta ce to tana ina. Nan maganarsa take ƙarewa. Da ta girma sai ta daina tambaya, ta kuma daina yarda a ambaci uwar a gabanta. Ta koyi ɗinki, ta kama shago, ta zama mai kaifin harshe da ba a taka ta.

Sau ɗaya Baban Nas ya taɓa buɗe mini cikinsa. Ana ruwa, babu ciniki, muna zaune a rumfa muna kallon titi. Ban tambaye shi ba, shi ya fara.

"Na san abin da na haifa," in ji shi. "Ko allura ba za ta ɗauka ba. Amma wallahi akwai ranar da nake roƙon Allah Ya sa ƙaryar nan ta zama gaskiya, don wanda ya gudu yana da rai. Sai kuma in ji kunyar kaina. Ban san addu'ar da zan yi mata ba, ta masu rai ko ta waɗanda suka riga mu. Ka ga mutum ya rasa ko wannan."

Ruwa ya ɗauke, wata mota ta tsaya, ya tashi ya ɗauki jak.

Shekaru suka tafi, gashinsa ya yi fari, waccan gwamnati ta faɗi, wata ta zo, ita ma ta wuce. Sai aka kafa kwamitin da zai binciki mutanen da suka ɓace a hannun hukuma, aka yi ta shela cewa iyalai su zo su ba da bayani. Na kawo masa labarin da zafinsa, ya ce shi ya gama zaman benci, in gwamnati na son ganinsa ta kawo tayarta. Abin mamaki, Jikalle ce ta je, ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce ita ba don uwar ta je ba, ta je ne a faɗa mata ko wace ce ita, 'yar ɓarauniya ko 'yar wani abu dabam, ta huta.

Ita ta kawo Lauya rumfar, wata mata mai tabarau da ke taimaka wa iyalan. Lauya ta zauna a bencin ba tare da ta duba ko da maiƙo ba, abin da ya fara sassauto da tsohon ke nan. Ya gaya mata shi ba zai sake zuwa roƙon kowa ba, ya yi roƙo har gwiwarsa ta yi kanta, abin da ya samu shi ne aka ɓata masa 'ya.

Ta ce ai ba roƙo za shi ba. Ta yi masa bayani a hankali, ina tsaye ina ji, cewa ƙasashen duniya sun yi yarjejeniya a kan mutanen da hukuma ke ɗaukewa ta kuma musa cewa suna hannunta. A cikinta an ce iyalin wanda aka ɓatar suna da haƙƙin su san yadda abin ya faru, da inda bincike ya kai, da abin da ya sami ɗan'uwansu. In ya rasu, a nemo gawarsa a ba su. Ta ce wannan ba alfarma ba ce da mai mulki zai yi in ya ga dama, nauyi ne a wuyansa, kuma tsufan magana ba ya sauke shi.

"Wato duk zaman da na yi a ofisoshin nan, abina nake nema?"

"Abinka kake nema, Baba. Amma kada in yaudare ka. Ban ce za a same ta da rai ba, ban kuma ce za a ɗaure kowa gobe ba. Abin da za mu tsaya a kai shi ne a faɗi gaskiya, a bainar jama'a, kamar yadda aka yi ƙaryar."

Ya kalli ruwan duron nan. Sannan ya ce wa Jikalle ta gaya wa Inna ta wanke masa riga.

Ni na kai su ofishin kwamitin. Bayan an ɗauki bayaninsu, wata ma'aikaciya ta zo da ɗan tsinke mai auduga ta ce kowa ya buɗe baki, za a goga a cikin kumatu, da shi za a gane nasu in an tono ƙasusuwa. Baban Nas ya ce shi dai ya san ana gane ɗa da kama ko da hali, bai taɓa jin an gane shi da yawu ba. Inna, wadda rabon da in ji ta yi wasa har na manta, ta ce ai nasa yawun warin taya zai yi, injin ma ya ƙi karɓa. Ma'aikaciyar ta yi dariya har tsinken ya faɗi, sai da ta sake ɗauko wani.

Zaman sauraron shaidu a zauren wata makaranta aka yi shi, fankoki na juyawa, mutane cike har tagogi. Iyalai da yawa sun zo, kowa riƙe da hoto. Aka yi kwanaki ana ji, wasu labaran ba sa maimaituwa. Ranar da aka zo kan asibitin masaƙa, aka kira wani dattijo mai dogara sanda. Tsohon ma'aikacin masaƙar ne, yana cikin waɗanda aka harba, a cinya. Bayan an sake shi an gargaɗe shi cewa in ya buɗe baki za a dawo, ya tattara iyalinsa ya koma wani gari can nesa, bai sake waiwayowa ba sai yanzu.

Ya ce an kai su wani tsohon sito a bayan bariki, aka zuba su a ɗaki ɗaya, Nas kuma a ɗan ɗakin da ke kusa, amma ana fito da ita ta duba su don kada su mutu kafin a gama yi musu tambayoyi. Ba ta da magani, mayafinta ta yi ta yagewa tana ɗaure musu rauni. Ya ɗaga sandarsa ya ce ƙafar nan da yake takawa ita ta bar masa ita. Sannan ya ce an kawo mata takarda ta sa hannu cewa babu raunin harsashi ko ɗaya a cikin waɗanda ta karɓa, duk faɗa ne ya kaure tsakanin ma'aikata. Aka ce tana sa hannu za a kai ta gida a mota. Ta ce ita ta ciro harsasan da hannunta, ba za ta rubuta abin da ba ta gani ba. Aka dake ta, aka sake kawowa, ta sake ƙi. Daga baya zazzaɓi ya kama ta a kan raunukan dukan, kuma wata safiya ba a fito da ita ba. Mai gadinsu ne ya raɗa musu cewa ta cika.

Dattijon ya juyo wajen iyalai ya tambaya ko 'yarta tana nan. Jikalle ba ta motsa ba, Inna ce ta ɗaga mata hannu. Ya ce kullum in tana ɗaure musu ciwo maganarta ke nan, tana damuwa wa zai kwantar da yarinyar, don ba ta barci sai ta riƙe kunnen mutum.

Inna ta dafe ƙirji. Ta ce, ba da ƙarfi ba amma duk layinmu ya ji, wallahi haka ne, kunnena har ciwo ya yi. Jikalle ta sunkuyar da kai a cinyar kakarta, kafaɗunta na rawa. Tunda na san ta da girmanta ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar.

Baban Nas ya miƙe, ya nemi izinin shugaban zaman ya yi tambaya ɗaya. Aka ba shi.

"Ta sha wuya sosai?"

Dattijon ya dube shi. "Ta sha, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba, wadda aka yi maka ta isa. Amma har ranar da na daina ganinta hankalinta na jikinta, kuma ba ta sunkuya wa kowa ba."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce na gode, ya zauna. Na zaci zai faɗi, na matso kusa, sai na ga yana sauke numfashi a hankali kamar wanda aka ɗauke wa buhu daga ka.

A hanyar komawa gida muka wuce masaƙar, wadda yanzu ta zama kango. Can sai Inna ta taɓa kafaɗata ta ce, ɗan nan, tsaya wurin mai burodi, yunwa nake ji. Mijin ya waiwayo ya kalle ta kamar bai santa ba. Ta ce me kake kallo, ko ka taɓa ganin an yi kuka da cikin wofi. Muka tsaya. Su ukun suka zauna a kujerar baya da ƙofa a buɗe suna yagar burodi, ido jawur, suna ta maimaita maganar kunnen. Jikalle ta tambayi kakanta yaya muryar uwarta take, ya ce irin taki ce sak, in kina yi mini rashin kunya.

Sauran ya ɗauki watanni. Wani da ya yi gadi a siton ya nuna wa kwamitin wurin da aka binne mutane a bayan katanga. Masana suka zo suka tona a hankali, da ƙananan cokula da burushi. Wata rana Lauya ta zo rumfa da kanta ta ce an gane ta, yawun ya yi aiki. Aka ba su ita a ƙaramin akwati, aka yi mata sutura, aka kai ta makwanci kusa da iyayen Baban Nas. Jama'ar da ta taru ta ba ni mamaki. Har da waɗanda suka fi kowa yaɗa maganar direban babbar mota, suna ta cewa dama su ba su taɓa yarda ba. Inna ta bi su da ido kawai, ta ce mini ƙasa-ƙasa ashe duk garin nan masu gaskiya ne, mu ne ba mu sani ba.

Surukin ma ya zo, ya tsufa, ya tsaya can baya. Da aka watse ya durƙusa gaban tsohon. Baban Nas ya ce masa ya tashi, shi ma ƙaryar nan ta cuce shi, amma neman gafara ba wurinsa zai yi ba, ga 'yarsa can. Jikalle ta saurari uban nata, ta ce ta ji, a ba ta lokaci. Yanzu yana zuwa shagonta jefi-jefi, tana ba shi kujera.

Ranar da aka karanta rahoton kwamitin a rediyo, Baban Nas ya kashe injin iska, ya ƙure murya, direbobi da masu gidan mai suka kewaye rumfar. Aka ambaci sunanta cikakke, aka ce ba ta saci komai ba, ba ta gudu ba, hukuma ce ta ɗauke ta, a hannunta ta rasu, kuma labarin guduwar ƙirƙira shi aka yi don a rufe kisan ma'aikata. Da aka gama ya kashe rediyon ya ce to, kowa ya ji, wa ke da taya.

Babban jami'in da ya ba shi ruwan sanyi yana nan da rai, an gurfanar da shi da wasu, shari'ar tana tafiyar hawainiya, yau a ɗaga gobe a ce ba shi da lafiya. Baban Nas bai ce ya yafe ba, kuma duk ranar zama yana zuwa kotu ya zauna a gaba inda mutumin zai gan shi. Amma ya ce ko yau ya mutu ya san inda 'yarsa take, ya san kuma addu'ar da zai yi mata. Inna ta yi ƙiba har zobenta ya matse ta, ta koma cika gida da surutu.

Akwai iyalai da yawa da har yanzu ba a gano nasu ba. Wata tsohuwa a bayan tasha, wadda ɗanta makanike ne ya ɓace a shekarar, ta ƙi zuwa kwamitin don tsoro, ta ce masu ɗaukar mutane ba sa ritaya. Baban Nas ya yi ta zarya gidanta har ta yarda, da sharaɗin shi zai raka ta ya kuma fara buɗe baki a sake goga masa audugar ta ga ba ta kisa. Makon jiya na kai su. A hanya tana ta tambayarsa ko za a yi mata tsawa, ko sai ta iya karatu, yana ba ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Da muka isa ya fita ya buɗe mata ƙofa, ya karɓi jakarta, ya ce mini in je in yi lodi biyu in dawo, don layin yana da tsawo kuma ba za su fito ba sai an rubuta komai.